Tsagar kaina sai faɗi take yi, dan Allah ku ba ni shawara

Maman Afnan: Assalamu alaikum 'yan uwa, dan Allah ina da matsala ina neman shawara kar a yi min dariya. Kusan shekara biyu kenan na lura gashina yana raguwa amma ba irin zubar nan da za ki ga ya cika mataji ba, a'a, in na taje abin da ke fita bai taka kara ya karya ba, tsakiyar kan ce kawai sai haske take ƙarawa. Jiya na tsefe na wanke, Afnan ta tsaya a bayana tana shafa min mai sai ji na yi ta ce Mama ana ganin fatar kanki fa, na ce ɗauko min hoto na gani, wlh sai da gabana ya faɗi, tsagar tsakiya ta buɗe kamar titin Zariya. Gaban goshi kuma yana nan lafiya lau, ƙeya ma a cike take. Shekarata 38, autana yana da uku da rabi balle a ce jego ne. Babu man da ban shafa ba.

Ummu Khalil: Wa alaikumussalam. Ayya sannu Maman Afnan, wa zai yi miki dariya, ciwon 'ya mace ai na 'ya mace ne. Kin gwada hulba da man kwakwa? Ni dai shi na riƙe.

Maman Afnan: Hulba, man kwakwa, man darbejiya, habbatus sauda, karkashi, ruwan albasa da har Baban Afnan sai da ya ce ko ni ko albasar, duk na yi. Gashin yana laushi yana sheƙi amma cikar ce babu.

Gidan Gyaran Jiki: Hajiyata ki yi min magana ta firaibet, akwai haɗin cebe da man karkar ɗan asalin Chadi, sati uku kacal za ki zo nan da kanki ki ba da labari. Ina kaiwa ko'ina a cikin gari.

Admin: Hajiya mai gyaran jiki talla ranar Asabar ce dan Allah, mun sha faɗa.

Hajiya Babba: 'Yata ki dage da azkar safe da yamma. Ba na son zargi amma kan mace da yake cike a wayi gari ya fara tafiya ta tsakiya, ruwa ba ya tsami banza. Kuma ku daina zubar da gashin da kuka taje a ko'ina, mu da muka taso binnewa ake yi.

Maman Afnan: In sha Allah Hajiya ina yi. Amma ni kaɗai ce a gidana fa, kuma ba wayar gari na yi na gani ba, a hankali ya riƙa tafiya har ban san ranar da ya fara ba.

Anti Mai Kitso: Bari na sa baki tunda kai dai sana'ata ce, shekara ashirin da wani abu ina kitso a Gwammaja. Irin kan da kike faɗa na san shi a hannu tun kafin mai shi ta sani. In na sa kibiya na tsaga, gashin ƙeya za ki ji shi da ƙarfi yana cika yatsu, ina isowa tsakiya sai na ji kamar na kama kan jariri, wasu silin masu kauri wasu sirara kamar zaren gizo, gajejjeru, ba sa ma kamuwa cikin kitson sai su riƙa tsayawa a sama kamar hazo. Mace da nake yi wa shuku jelar ta cika hannu, bayan shekara huɗu biyar jelar ta koma kamar igiyar takalmi, kuma in kin duba da kyau gashin yana nan fa a wurin, bai tafi ba, ramewa ya yi. Kuma na lura da wani abu, in na yi wa uwa kitso na ga haka to sau da yawa 'yarta ma in ta manyanta sai na gani.

Maman Afnan: Anti wlh kamar kin ga kaina. Ribom ɗin da nake naɗawa sau biyu yanzu sai na naɗa sau huɗu. Kuma Ummanmu haka kanta yake, mun ɗauka tsufa ne.

Ummu Khalil: Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe kenan. Ina Dakta ne wai? A taɓo mana ita.

Dakta: Ga ni, ina bakin aiki ne sai yanzu na samu zama. Na karanta duka. Maganar gaskiya Anti Mai Kitso ta riga ta yi rabin bayanin da yatsunta, abin da ta ce gashin bai tafi ba ramewa ya yi, shi ne gundarin maganar. Ban ga kan Maman Afnan ba saboda haka ba zan yanke hukunci ta waya ba, amma yadda ta siffanta, tsaga na faɗi, goshi na nan, ƙeya na nan, uwa ma haka, ya yi kama sosai da sanƙon mata na gado. Eh mata ma suna yinsa, kawai fasalinsa ne daban da na maza.

Kowane silin gashi daga cikin wani ɗan rami yake fitowa a fatar kai, mu a asibiti folikul muke ce masa, ku kira shi ramin gashi. Mutum yana da kusan 100,000 a kansa kuma da su aka haife shi, ba a ƙara sababbi. A can ƙasan ramin akwai wata 'yar tsoka kamar ƙwayar gero, ita ce uwar gashin, ita ke ba da umarni, kuma girmanta shi ke yanke kaurin silin da zai fito. Ku tuna injin taliya 'yar murji, in kin sa ta babbar ƙofa ta fito da kauri, in kin sa ta ƙarama ta fito siririya, fulawar ɗaya ce. To a wannan larurar ƙofar injin ce ke tsukewa. Ramin lafiyayye yana nutsawa milimita 3 zuwa 4 har cikin kitsen da ke ƙarƙashin fata, wanda ya kamu kuwa sai ya riƙa ƙanƙancewa yana tasowa sama sama, uwar gashin tana raguwa, silin da yake kai milimita 0.06 ko fiye a kauri sai ya dawo ƙasa da 0.03, baƙinsa ma ya dushe, ya zama irin gashin nan na gefen kumatu da sai kin shiga rana ake gani.

Amaryar Bana: Dakta ni fa tsoro ya kama ni, duk ranar da na tsefe kitso sai na tara gashi cike da hannu.

Dakta: Amarya kwantar da hankalinki. Kowa yana zubar da sili 50 zuwa 100 a rana. In kitsonki ya yi sati biyu a kai, waɗanda suka saki duk suna maƙale a ciki, ki lissafa 50 sau 14 kawai, 700 kenan za su fito rana ɗaya. Wannan ba ciwo ba ne.

Ga dalilin zubar, kuma nan ne abu na biyu da ke lalacewa. Ramin gashi ba ya aiki tuƙuru har abada, zagaye yake yi. Yana shekara 2 zuwa 6 yana fitar da gashi, sai ya yi sati 2 zuwa 3 yana janyewa, sai ya huta kamar wata 3, tsohon silin ya faɗi sabo ya taso. A lafiyayyen kai kusan kashi 85 zuwa 90 cikin ɗari suna cikin aiki, sauran suna hutu, shi ya sa ba a ganin giɓi. Gashi yana tsawon kusan santimita 1 a wata, namu na baƙar fata ma bai cika kaiwa ba. To ramin da ya yi shekara 4 yana aiki zai ba ki wajen santimita 40 da wani abu in bai karye a hanya ba. A sanƙon gado lokacin aikin ne ke gajarcewa, daga shekaru ya dawo watanni, in wata 6 ya yi santimita 6 kawai za ki samu ya faɗi. Kamar damina ce da ta ɗauke da wuri, geron bai kai ko'ina ba. Sannan bayan silin ya faɗi ramin kan zauna fayau ba komai na wani lokaci kafin ya farfaɗo, kuma wannan zaman banzan yana ƙara tsawo. Ga siranta, ga gajarta, ga ramukan da ba kowa a ciki, su ukun ne suka haɗu suka ba Afnan damar hango fatar kan Mamanta.

Anti Mai Kitso: Allahu akbar. To Dakta me ya sa nake jin mai kauri da siriri a wuri ɗaya? In ciwo ne ai da duk wurin zai kama.

Dakta: Tambaya mai kyau Anti. Gashin kai a tsibi tsibi yake fitowa, ƙofa ɗaya za ki ga sili biyu, uku, wani lokaci huɗu, kamar shukar dawa a rami ɗaya. Larurar ba ta kama su lokaci guda, sai ta fara cinye na gefe ta bar babban, ƙofar da ke da uku ta koma biyu ta koma ɗaya. Shi ya sa mace za ta yi asarar cikar gashi mai yawa, ribom ya yi mata yawa, amma in ta duba madubi ba ta ga fili ba, saboda har yanzu kowace ƙofa akwai mai gadi guda ɗaya. Sai shi ma ya fara ramewa sannan tsaga ta buɗe. Wannan gaurayen da kike ji a yatsa shi muke nema da wani ɗan madubi mai fitila da ake ɗorawa a fatar kai, in sama da kashi 20 cikin ɗari na silin sun sha bamban a kauri to alama ce babba. In kuma aka yanki 'yar fata kamar milimita 4 aka kai ɗakin gwaji, lafiyayyen kai za a ga masu kauri kamar 7 a kan kowane siriri 1, mai wannan larurar kuwa ƙasa da 4 a kan 1.

Ummu Khalil: Yankar fatar kai kuma? A'a ni kam a bar ni da sanƙona.

Dakta: Hhhh ba kowa ake yi wa ba Ummu Khalil, sai an yi kokwanto, kuma da allurar kashe zafi ake yi, ɗinki ɗaya ko biyu.

Gidan Gyaran Jiki: Dakta da girmamawa, ku likitoci komai na gargajiya sai ku kushe. Matan Chadi gashinsu har gadon baya, kowa ya gani a Facebook, da cebe suka samu ba da maganin bature ba. Kwastomomina da yawa sun ga canji.

Dakta: Hajiya ban kushe ba wlh, ni kaina man kaɗanya nake shafawa. Amma mu raba abu biyu. Silin da ya riga ya fito waje matacce ne kamar farce, mai da cebe da karkashi suna hana shi bushewa da karyewa, musamman a hunturun Kano da gashi ke karyewa kamar tsinke, to in bai karye ba dole ki ga tsawo, wannan gaskiya ne kuma kwastomominki ba ƙarya suka yi ba. Matsalar Maman Afnan kuwa a can ƙasan rami take. Ki zuba wa taliya manja iya son ranki za ta yi daɗi ta yi sheƙi, ƙofar injin dai tana nan yadda take. Ita da kanta ta ce gashin na laushi cikar ce babu.

Gidan Gyaran Jiki: To ai shi kenan, kowa da iliminsa.

Maman Afnan: Dakta to me ke tsuke ramin? Wani abu na ci ko na rasa? Wata ta ce min hijabi ne, wai kan ba ya shan iska.

Dakta: Ba hijabi ba ne, matan Turai da ke yawo kai a buɗe suna fama da shi sosai. Ramin gashi daga jini yake samun abinci da iska ba daga waje ba. Abin da zai iya cutarwa a ƙarƙashin hijabi shi ne ɗaure gashi tamau kullum a wuri ɗaya, ko rufe shi da danshi har amosani ya samu wurin zama, wannan kuma wata magana ce daban.

Gado ne kan gaba, kuma ta wajen uwa ko ta wajen uba duk yana zuwa, ku duba kan babanninku da kawunnanku ma. Sai sinadaran jiki. Mace ma tana da ɗan sinadarin maza wato testosteron kaɗan, a cikin ramin gashi akwai abin da ke juya shi ya koma wani mai ƙarfi da ake kira DHT, shi ne ke matse uwar gashin a maza, wannan tabbatacce ne. A mata labarin bai kai haka sauƙi ba, domin yawancin masu larurar in an auna jininsu sinadarin maza daidai yake, ramukan nasu ne kawai suka fi saurin jin zafinsa. Na ƙeya kuma ba su cika kula shi ba, shi ya sa ƙeya ke zama a cike. Sannan fatar kan mace ta gaba tana da wani abu mai suna aromates fiye da ta namiji, yana mai da sinadarin maza ya koma na mata wato istrojin, ana ganin yana cikin dalilin da layin goshi ke tsira a mata alhali maza ta nan ake fara yi musu sallama. Kuma in mace ta daina al'ada istrojin ya sauka abin yakan ƙara bayyana, shi ya sa kuka ɗauka na Umma tsufa ne.

Tun 1977 wani likitan fata ɗan Jamus mai suna Ludwig ya kasa shi mataki uku, na farko tsaga ta ɗan buɗe, na biyu tsakiyar ta yi shara shara sosai, na uku saman kan kusan fili amma da ɗan layin gashi a goshi. Har yau da shi ake aiki.

Hajiya Babba: To Dakta ni na haura sittin, nawa ya kai na ukun da kike faɗa, ɗankwali ya rufa asiri. Ashe ba hannu aka sa min ba, Allah ya jiƙan wadda na zarga shekara da shekaru, ta riga mu gidan gaskiya.

Ummu Khalil: Hajiya Babba kin ba ni dariya kin kuma ba ni tausayi wlh. Amin.

Maijego: Slm, ni ma nawa zuba yake kamar me, wata uku da haihuwa, in na yi wanka har magudana yake toshewa. Shi ne wannan ɗin?

Dakta: Barka da arziki Maijego. Naki daban ne in sha Allah. Lokacin ciki ramukan da ya kamata su tafi hutu ba sa tafiya, shi ya sa mai ciki gashinta ke cika, ana haihuwa sai su tafi hutu gaba ɗaya, bayan wata 2 zuwa 4 su zubar tare. Ramin bai tsuke ba, silin da zai dawo mai kaurinsa ne, yawanci kafin yaro ya shekara kan ya koma daidai. Zazzaɓi mai zafi irin taifot ko maleriya mai tsanani ma yana yin haka, ko tiyata, ko tashin hankali. Ki dai ci abinci mai gina jini, in an ba ki maganin ƙarin jini ki sha kar ki ajiye a kan firij. Abin lura ɗaya, wani lokaci zubar jego ce ke tona asirin na gadon da ke ɓoye, in shekara ta wuce tsaga ba ta rufe ba to a duba.

Malama 'Yar Ɗorayi: Dakta ni tun ɗazu ina karantawa ban yi magana ba. Nawa ma a tsakiyar kai yake amma kamar zagaye yake faɗaɗa, kuma yana min ƙaiƙayi da zafi zafi, in na taɓa kamar an mare ni a wurin, fatar kuma ta yi sumul tana ƙyalli. Na yi shekaru ina sa rilaksa duk bayan wata biyu, akwai ranar da a wani salun aka bar min shi har sai da kan ya yi ƙuna ya yi ɓawo.

Dakta: Malama ke ce ma nake so ki riga kowa zuwa asibiti, a wannan satin in da hali. Akwai wani nau'i da ya fi kama mata baƙar fata, ana kiransa CCCA, shi ma daga tsakiyar kai yake farawa shi ya sa ake rikita su, amma shi kumburi ne ke cin ramin har ya mutu tabo ya maye wurin. Bambancin a ido, a sanƙon gado in kin duba da kyau ƙofofin gashi suna nan da 'yan sirara a ciki, a wannan kuwa ƙofofin sun shafe, fata ta yi sumul kamar yadda kika ce. Inda ya riga ya zama tabo ba ya dawowa, aikin likita shi ne ya kashe wutar kar ta ci sauran. A 1968 da aka fara rubutu a kansa an ɗora laifin a kan matajin ƙarfe mai zafi, daga baya aka ga har waɗanda ba su taɓa sa komai ba suna yi, a 2019 ma an gano wata ƙwayar gado da ke da hannu a wasu matan, saboda haka kar ki zauna kina cin kanki da zargi. Amma ki dakata da rilaksa da duk wani kitso mai ja har a duba ki. Asibitin Malam Aminu Kano akwai likitocin fata.

Malama 'Yar Ɗorayi: Innalillahi. To in sha Allah gobe zan nemi izini a makaranta. Na gode.

Anti Mai Kitso: Kuma kafin a ce mu masu kitso ne, eh na yarda akwai namu laifin, amma namu a gefe yake ci, goshi da saitin kunne, wurin da ake ja. Kuma wlh sau da yawa ku ne ke cewa Anti ki matse ya yi wata guda, a yi wa yarinya ƙananan kalaba ta kwana ba ta iya runtse ido, ƙuraje su feso a bakin kitson, sannan gaban kai ya cinye a ce mai kitso ce mai mugun hannu.

Amaryar Bana: Anti gaskiya kika faɗa, na bikina sai da na sha farasitamol.

Ummu Khalil: To ni abin da kakata ke cewa a aske kan tas ya fito sabo mai kauri, ba gaskiya ba ne?

Dakta: Reza ba ta isa inda uwar gashin take. Kaifin bakin da aka yanke ne ke sa ki ji kamar ya yi kauri, in ya ɗan yi tsawo zai koma yadda yake. Kar Maman Afnan ta aske ta tashi a tutar babu.

Maman Afnan: Hhh ai Baban Afnan ma ba zai bari ba. Dakta ki faɗa min gaskiya, ramin da ya tsuke yana buɗewa kuwa?

Dakta: Wanda bai daɗe ba yana iya farfaɗowa, wanda ya yi shekaru yana ƙanƙancewa da wuya. Akwai wata 'yar tsoka siririya da ke riƙe da ramin, ita ce ke sa tsigar jiki ta tashi, masu bincike a Ostareliya sun lura in ramin ya rame har ya rabu da ita to dawowarsa ta yi wuya. Shi ya sa shekara biyun da aka yi ana zagayen mayuka take min ciwo. Abin da magani ya fi iyawa shi ne tsayar da abin inda yake, ya kuma ƙara wa wasu silin kauri, ba wai ya mai da ke 'yar shekara 18 ba.

Wanda aka fi sani shi ne minoksidil na shafawa. Asalinsa maganin hawan jini ne aka ga masu sha gashi na fito musu. A Amurka an amince wa mata mai kashi 2 tun 1991, mai kumfa mai kashi 5 kuma a 2014. Aikinsa yana tsawaita lokacin aikin ramin, yana tashin waɗanda ke zaman banza, yana ɗan ƙara musu girma. Amma ku ji sharuɗɗan. A fata ake sawa ba a gashi ba, fatar a bushe ba a kan mai ba, masu kitso ma kun fi kowa sauƙi tunda ga tsaga nan a buɗe. Satuttukan farko zuba za ta ƙaru, tsofaffin ne sababbi ke turowa, nan ne mata da yawa ke jefar da kwalbar su ce ya ƙara lalata musu kai. Sai an yi wata 4 zuwa 6 kafin a fara gani, hukunci kuma sai shekara. In kin daina, cikin 'yan watanni abin da ya ƙaru zai koma. Mai ciki da mai shayarwa da mai neman ciki ba nasu ba ne. In yana gangarowa fuska zai fitar miki da gashi a kumatu, ki wanke hannu bayan kin sa. Kuma masu kyanwa a gida ku yi hattara, guba ne gare ta ko kaɗan ta lasa.

Akwai na sha irin sifironolakton, amma wannan sai likita ya rubuta yana kuma bibiyar jini, kuma yana cutar da ɗan tayi namiji, kar wadda ta je kemis ta ce a ba ta don ta gani a nan.

Ummu Khalil: Kai, har abada kenan ana shafawa? Ga tsadar magani yanzu. Wannan ai aure ne ba saki.

Dakta: Kusan haka ne Ummu Khalil, ba zan ɓoye ba. Gadon bai bar jiki ba, danne shi ake yi. Kowa ta auna aljihunta da kuma yadda abin ya dame ta, wadda ta ce ita ɗankwalinta ya ishe ta kamar Hajiya Babba ba ta yi laifi ba, ba ciwo ne mai kisa ba. In za a saya dai a duba lambar NAFDAC, a guji haɗin kwalba marar suna da ba a san me aka zuba ba.

Amaryar Bana: To ba sai ta sa atach ko wig ba kawai a huta?

Hajiya Babba: A'a 'yar nan, ƙarin gashi akwai hadisi a kai, kar ki jefa ta.

Admin: Wannan a bar wa malamai dan Allah, ranar Juma'a Malama za ta shigo sai a tambaye ta, kar zancen ya karkace.

Dakta: Ta ɓangarena dai nauyin atach a kan silin da ya riga ya rame gudun gara ne a faɗa gidan zago. Maman Afnan tambaya ta ƙarshe kafin a kira ni, al'adarki tana zuwa daidai? Akwai gashi a haɓa ko ƙuraje da suka ƙi ji? Kina yawan kasala ko jinin al'ada mai yawa? Ba sai kin amsa a nan ba. Ina tambaya ne don PCOS, wato matsalar ƙwan mace da ke rikita al'ada, da ƙarancin sinadarin ƙarfe a jini da matsalar maƙoƙo duk suna ƙara wa abin gudu, in kin je za a iya auna feritin wato ajiyar ƙarfen jiki, da tayroid wato sinadarin maƙoƙon. Kuma hoton nan da Afnan ta ɗauka kar ki goge, ki rubuta kwanan wata, duk bayan wata 3 a sake ɗauka a wuri ɗaya da haske ɗaya da tsaga ɗaya, ido yana mantuwa.

Maman Afnan: Zan amsa miki ta firaibet Dakta, akwai ɗaya a ciki da ta taɓa ni. Allah ya saka da alheri ya raya zuri'a. Hoton har na kusa gogewa jiya don takaici.

Gidan Gyaran Jiki: Man kaɗanya ɗanye dai akwai, tunda Dakta ma ta ce tana shafawa.

Admin: Hajiya ASABAR.

Anti Mai Kitso: Maman Afnan in za ki asibitin ki je da kan a tsefe kar ki sa mai, in kin dawo ki biyo ta Gwammaja na yi miki manya guda shida sakwa sakwa, tsagar a karkace zan yi ta gefe ba ta tsakiya ba. Ki taho da Umma ma in za ta yarda.

Maman Afnan: Umma kam sai dai na ce mata biki za mu.